Albarkar da Ta Mai da Baba Rissa Daga Bakin Ƙofa

Hajiya Yagana, don girman Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Garinmu ƙarami ne, duk wanda na gaya wa damuwata maganar za ta riga ni komawa gida, shi ya sa na rubuto miki. Sunayen da za ki gani na sauya su, amma labarin haka yake.

Ni 'yar Belbeji ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Maigidana, bari in kira shi Mailafiya ko da yake in ya kafe a kan abu ba mai iya motsa shi, ɗan kasuwar hatsi ne. Bayan hatsi ba abin da yake so kamar ƙwallo. Shi ne shugaban kwamitin gasar da ake yi mana kowace shekara in an gama girbi. Ƙungiyoyi suna zuwa daga Tarka da Tenhya da Ollelewa, har daga Tanut, a kewaye fili da zana a bar ƙofa ɗaya. Ni kuma ina sayar da kunun tsamiya a gefen ƙofar, don haka abin da zan faɗa miki da idona na gani.

Da can kuɗin shiga ɗaya ne, ko wa ke wasa. Bana sai ya zo da sabon tsari da ya gano a wayarsa, wai haka manyan filayen Turai suke yi: in mutane sun yi yawa tikiti ya hau, in ba kowa ya sauka. Ni dai na ce masa bai kamata ya wahalar da Turai ba, ai haka yake sayar da gero tun yana saurayi, arha da kaka, tsada da bazara. Ya yi dariya ya ce ashe na fahimta.

Tsakani da Allah, abin bai zo da sharri kaɗai ba. Yau ragar golanmu sabuwa ce, ba igiyar guga da aka ƙuƙƙulla ba. Alƙalin wasa daga Tanut ake ɗauko shi, ba mai cewa ƙanen wane ne. Ƙungiyoyin nesa ana biya musu mota. Ranar ƙananan wasanni kuwa kusan kyauta ake shiga, har mata da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suna cika gefe guda. Ba zan ɓoye wannan ba, mijina ba ɓarawo ba ne, ko dala ba ta shiga aljihunsa.

Matsalar ita ce manyan wasanni ranar kasuwa ake sa su, don ranar ce ake samun jama'a. Kuma ba ka sanin nawa za ka biya sai ka iso ƙofa, layi na tsawo kuɗi na hawa. Mu 'yan gari da wuri muke zuwa. Makiyaya fa? Sai sun gama da kasuwar dabbobi, sun sayi shayi da sukari da hatsi, sannan su nufo fili. Kullum su ne a wutsiyar layi, kullum su ke biyan mafi tsada, har sun raɗa wa abin suna kuɗin rawani. Wasu da suka ga haka sai suka jera raƙumansu a bayan zana, suka hau suna kallo hankali kwance. Maigidana ya ce zai ƙara wa zana tsawo. Na tambaye shi a wace kasuwa ake sayar da zanar da ta fi raƙumi tsawo.

Duk wannan da sauƙi, Hajiya. Abin da ya hana ni sukuni maganar Baba Rissa ce.

Baba Rissa makiyayi ne daga arewacin Tenhya, aminin marigayi mahaifina. Tun kafin a haife ni gidanmu ne masaukinsa duk ranar kasuwa, da na yi aure masaukin ya biyo ni ɗakina. Yakan zo mana da cuku da man shanu, ya tafi da gero, kuma ban taɓa ganin an auna ko an yi ciniki tsakaninsa da mahaifina ba. Harshensa Tamajak ne, Hausarsa ta kasuwa ce, a can ya koye ta. Ɗansa Husaini shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar Tenhya. Shekara da shekaru tsohon yana faɗa da ƙwallon nan, yana cewa namiji da hankalinsa ba ya barin garke ya je yana faɗuwa a ƙasa saboda ƙullin fata. Bana ne, da ƙyar da roƙon matarsa Inna Kadi, ya yi wa yaron alkawari zai zo ya gani da idonsa.

Ya kuwa zo, ranar wasan kusa da na ƙarshe, cikin sabon rawani. Ya iso a makare kamar sauran. Ya miƙa kuɗin da Husaini ya gaya masa ana biya, bai san ya ninka ya sake ninkawa ba. Maigidana yana bakin ƙofa, mutane sun yi masa caa, kansa na sunkuye a kan tikiti. Ya ga hannu, ya ga kuɗin bai kai ba, sai kawai bakinsa ya saki abin da ya saba saki a rumfar hatsi: albarka. Ya ma faɗe shi cikin raha, har wasu suka yi dariya.

Kin san dai mu, kalmar nan tana da fuska biyu. Amma a kunnen wanda ya koyi Hausa a kasuwar dabbobi, albarka ma'anarta ɗaya ce, tayinka bai kai ba, ja gaba. Ita ake gaya wa baƙon mai saye, ba a gaya wa wanda ya sa maka hannu a ka ranar ɗaurin aurenka. Ina riƙe da ludayi na ga tsohon ya tsaya cak. Ya mai da kuɗinsa aljihu, ya gyara rawaninsa ya juya. Kafin in ajiye ludayi in ratsa mutane ya ɓace mini. Ba rashin kuɗi ba ne, ranar ma ya sayar da bijimi. Kuma bai bi sahun masu leƙe daga kan raƙumi ba.

Tun ranar bai sake sauka a gidanmu ba. Kasuwar da ta wuce a tashar mota aka gan shi yana shan shayi kamar wanda bai san kowa a garin ba. Wallahi da na ji sai da na yi kuka, ji na yi kamar mahaifina ne aka bari a tasha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Husaini. Ranar ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida, Tenhya ta kai wasan ƙarshe, aka ɗaga shi sama yana ta waige-waige yana neman uban. Inna Kadi ta gaya mini a waya cewa tsohon ya hana a faɗa wa yaron an mai da shi daga ƙofa, ya gwammace a ce masa mai karya alkawari da a ce an wulaƙanta shi. Yanzu uba da ɗa gaisuwa kawai ke haɗa su, yaron yana ganin har yanzu ubansa raina shi yake yi.

Da na gaya wa maigidana wanda ya yi wa albarka, jikinsa ya yi sanyi, na ga haka a fuskarsa. Amma mazan nan kin san su. Ya ce ai bai gane shi ba, kuma tsari tsari ne, zai aika masa da tikitin kyauta na wasan ƙarshe shi ke nan. Ni kuwa zuciyata tana gaya mini takardar nan za ta ƙara ɓata abin. Wasan ƙarshe ya kusa, ranar kasuwa ne kuma. In na gaya wa Husaini gaskiya ina tsoron ya tsani mijina, ko ya ƙi wasan gaba ɗaya. In na yi shiru, uba da ɗa za su ci gaba a haka saboda kalma ɗaya da ta fito daga gidana. Me zan yi?

Taki,
Mai Kunun Bakin Ƙofa, Belbeji

Amsa:

'Yata Mai Kunu, na karanta, na yi dariya a wurin raƙuma, na daina a wurin tasha. Kwantar da hankalinki, abin nan mai gyaruwa ne. Mutumin da ya ƙi tona asirin mijinki a gaban ɗansa bai yanke zumunci ba, jira yake a zo.

Zan fara da yi wa maigidanki adalci. Raga da alƙali da mota ba sa faɗowa daga sama, kuma wanda ya ɗauki wahalar shirya wa gari wasa ba tare da ya ci komai ba ya cancanci godiya. Ki fara da wannan in za ki yi masa magana, ki yi ta a ɗaki, ba a gaban 'yan kwamitinsa ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauki wasa kamar gero. Mai sayen gero in ya ji tsada zai iya matsawa rumfar gaba ko ya dawo wata kasuwar. Uban da ya zo ganin ɗansa ba shi da rumfar gaba. Sannan ko a rumfar tasa, ai na san yana da waɗanda yake yi wa gyara, yana da waɗanda ba ya iya yi wa albarka ko tayinsu bai kai ba. Ki tuna masa da wannan, harshen da ya sani ne.

Game da tikitin kyauta, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Kada ya aika. Tsohon bai juya don kuɗi ba, ya juya ne don an mai da shi mai saye a ƙofar da yake ganin ta gidansa ce. Takardar kyauta za ta mai da shi mai karɓar sadaka, wanda ya fi na farko ciwo. Abin da baki ya ɓata, baki da ƙafa ke gyara shi. Mijinki ya tashi da kansa ya je har rugar tsohon kafin ranar kasuwa, da shayi da sukari, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya yi kuskure. Kada ya tsaya bayanin cewa bai gane shi ba, domin tsohon zai iya tambayarsa ko da wani dattijon ne daban ya dace a yi masa haka. Ke ma ki bi shi in da hali, ki kai wa Inna Kadi tsarabarki, zamanki a wurin zai sassauta maganar.

Batun Husaini kuwa, kada ki riga kowa. Uban ya rufe maganar don mutuncinsa, ba naki ba ne ki buɗe ta a bayan idonsa. Amma yaron yana da haƙƙin sanin cewa ubansa ya cika alkawari, ya zo har ƙofa da sabon rawani. Wanda ya kamata ya gaya masa shi ne mijinki, da izinin tsohon, kuma kafin wasa. In yaron ya ji daga bakin mai laifin, fushinsa ba zai daɗe ba, farin cikin sanin ubansa ya zo zai rinjaye shi.

Tsarin kuɗin ma ba sai an rushe shi ba, a dai sa masa linzami. Babban wasa ya fi ƙarami tsada, ba wanda zai ce an zalunce shi. Abin da ke ƙona rai shi ne kuɗi ya riƙa hawa mutum yana tsaye a layi. A yanke shi tun kasuwar da ta gabata, a yi shela a kasuwar dabbobi da Hausa da Tamajak da Fillanci, wanda ya zo da wuri da wanda ya zo a makare su biya abu ɗaya. Iyayen 'yan wasa kuma, na kowace ƙungiya, kada a tambaye su komai, su ne suka ba gasar abin da ake zuwa kallo. In aka yi haka sunan kuɗin rawani zai mutu da kansa. Zana kuwa ya bar ta yadda take, masu raƙuman nan masoya ƙwallo ne, in suka ga gaskiya a ƙofa za su sauko.

Saura abu ɗaya, kuma shi na fi so ki riƙe. In mijinki ya je, kada ya gayyaci Baba Rissa a matsayin ɗan kallo. Ya ce masa ana so dattawan ɓangarorin biyu su shiga tsakiyar fili kafin a take wasa su yi wa yara addu'a, kuma shi ake roƙo ya jagoranci na Tenhya. Ya faɗa masa da kalmar nan dai da ta kore shi, ya ce ya zo ne neman ya sa musu albarka. Tsohon ya daɗe da sanin fuskarta ta kasuwa, lokaci ya yi da zai ji ɗaya fuskar daga bakin mijinki. Wannan karon in Husaini ya waiga, ba sai ya nemi ubansa cikin taro ba, hannunsa zai ji a kansa.

Ki share ɗakin baƙi, ki ajiye masa kunu mai zafi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar zumuncin da mahaifinki ya shuka, ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya.

Hajiya Yagana