Fankata a Hannun Yaya Habibu

Daren Laraba, Yuni 1999, Goron Dutse

Yau ko tuwo na kasa ci. Sati uku na yi ina haɗa 'yar fankar nan da ɗan injin da ke juya kaset a tsohuwar rikodar Baba, na yanka mata fukafukai daga gwangwanin madara. Jiya Yaya Habibu ya ce in ara masa ya nuna wa abokansa, na ba shi da murnata.

Ashe wurin sabon kansilanmu ya kai ta, a taron matasa masu ƙirƙira. Maƙwabciyarmu Hajiya Ladi ce ta shigo da rana tana cewa, "Rabi, ashe yayanki injiniya ne! An ce shago za a ba shi a Kabuga."

Da ya dawo na tare shi a soro. Ko kunya babu ya ce, "Haba Rabi, wa zai yarda mace ce ta haɗa? Ai duk gida ɗaya ne." Abin da ya fi ci min rai, shi ne fa ya koya min riƙe sukundireba ina ƙarama.

Bayan magariba sai ga shi da fankar a leda. Ta daina juyawa, ga shi gobe kansila zai nuna wa ciyaman. "Don Allah ki ɗan duba min," in ji shi.

Kallo ɗaya na gane wayar batir ce ta sake. Na mayar masa na ce, "Yaya, ai wanda ya ƙera ta, shi ya san gyara."

Har yanzu yana tsakar gida yana jujjuya ta.