An Yaba Akwati, An Manta da Motocina

Daren Laraba, 14 ga Maris, 1973

Babu wanda ya ɗaga ni. Daga aji biyu na sakandare na fita, na yi karen mota, na sayi tifa tawa ta kaina, na gina gidan kwano a Magajin Gari. 'Yan ƙananan motocin nan na ƙarfe kuwa, samfurin na Amurka masu faɗin ƙirji, ɗaya bayan ɗaya na tsinto su a kantunan Kaduna har goma sha ɗaya. Ƙofofinsu na buɗuwa, har injin ana gani.

Yau na kai su nunin amfanin gona cikin akwatin gilashin da Bawa kafinta ya yi mini. Mutanen Kuyello suka bar masararsu suka yi cincirindo a kansu. Da alƙalan nuni suka iso, babbansu ya shafa katakon ya ce, "Kai, maɗaci ne! Wa ya yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duba ciki mana."

Ya leƙa ya ce, "Madalla, Alhaji. Allah ya raya masu wasa da su."

Wasa! Ni da nake goge su da audugar asibiti!

Aka ba Bawa kyauta ta ɗaya, har da bargo. Ya zo yana washe baki, wai in ara masa akwatin ya kai nunin Zariya, "amma a kwashe tarkacen."

Gobe da sassafe ina ofishin malamin da ke riƙe da littafin nuni. Ba bargo nake so ba. So nake ya rubuta sunana cikakke, Alhaji Sule Ɗantsoho, a saman na Bawa, kuma ba zan tashi ba sai tawadar ta bushe.