Injin da Kawu Bitrus Ya Yi wa Romi Alkawari

Ƙanena Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya aiki da sanyin ƙasar Turawa? Yaya Rifkatu da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma da sauƙi.

Ka tuna hoton da ka aiko, kana tsaye gaban ƙaton injin binciken nan naku? Kawu Bitrus ya ɗauke shi daga ɗakin Mama, ya kai taron unguwarmu ta Romi. Wata biyu ba mu da wuta, sai ya miƙe ya ce janareto ne ɗansa ya ƙera, kuma zai sa ka turo wa Romi guda. Har tafi aka yi masa. Mutumin da ya ba mai ƙosai littattafanka na fiziks ta naɗe kaya, wai karatun banza ne, yau shi ne ubanka.

Na tashi na faɗa musu yadda ka koya min: kuna harba lantaron cikin furoton ne, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, ku duba yadda ya karkace, don ku gane ƙarfin da ya ɗaure abin da ke ciki. Injin ko fitila ɗaya ba zai kunna ba. Kawu ya ce mace me ta sani, kuma wasu sun yarda da shi, suna jiran inji da sunanka.

In ya kira, ka gaya masa gaskiya da bakinka. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa.

Ka taɓa ce min ƙarfin nan da kuke bincike sai an ja nesa yake ƙara kamawa. To, haka zumuncin Kawu yake.

Yayarka,
Rahila