Bulalar Buba da Hannun Iliya

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karanta shi. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni tsohon gandiroba ne. Asalinmu Buji, gidan shanu, aiki ya kawo ni Dutse bayan an ba mu jiha. Ina da ɗa, zan kira shi Buba. Zan faɗi abin yadda ya biyo juna.

Da barci ya fara. Yana sakandare na tura shi hutu wurin yayana, ya fita kiwo, barci ya ɗauke shi a tsaye yana dogare da sanda, shanu suka shiga geron mutane. Da aka dawo da shi na ɗauko dorina. A gidanmu namiji ba ya motsi a ƙarƙashin bulala. Ni kaina na yi sharo, tabon yana jikina. Buba kuwa bulalar farko gwiwoyinsa suka saki, ya zube, baki a karkace, ido a buɗe. Na ce ragwanci ne, na ƙara masa yana kwance. Daga nan kullum haka, barci a aji, barci da loma a hannu, barci a sujada har a sallame yana kife. In aka ba shi dariya sai wuyansa ya lanƙwashe, harshe ya yi nauyi, ya sulale ƙasa.

Sai neman magani. Uwarsa ta ce iska ce. Malamin da muka je wurinsa ya yi hayaƙi, ya zane shi da tsumagiya yana cewa aljanin yake duka, ni na riƙe ƙafafun. A asibiti aka ce farfaɗiya, aka ba da ƙwaya, barcin ya ninka. Wani likitan ya ce taifot. Na ƙarshe ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka binciki abokansa, wannan ya yi kama da mai shaye-shaye." Maganar nan ita ta zauna mini, don irinsu nake kullewa a wurin aiki.

Da aka ƙaddamar da shari'a, samarin unguwarmu suka kafa kwamitin kama 'yan maye. Wata rana bayan azahar na wuce shagon Iliya tela, aminin Buba, na tarar da ɗana a ƙasa cikin ƙyallaye yana jan magana kamar wanda ya bugu. Iliya ya ce, "Baffa, wallahi labari kawai na ba shi, yanzu zai tashi." Na wuce wurin shugaban kwamitin na ce, "Ku kama shi, ku yi masa a gaban jama'a, amma kada sunana ya fito." Washegari bayan la'asar suka fito da shi ƙofar masallaci. Yana cewa, "Wallahi ban taɓa sha ba." Bulala na sauka ya zube, mutane suka ce ga shi nan ma a buge yake. Aka ɗaure shi a benci aka ƙarasa, rigarsa ta manne da jini. Ina tsaye a wurin. Wane irin uba ne zai tsaya yana jin haushin ɗansa bai miƙe ba?

Da bayansa ya fara warkewa, ya tambayi uwarsa wa ya kai ƙararsa. Ta ce, "Wa ya gan ka ranar in ba Iliya ba?" Ina zaune ina shan fura, ina ji, ban ajiye ludayin ba. Ya ɗauki sandar kiwo ya fita. Ya sami Iliya a kan keken ɗinki, ya sauke masa ita a hannun dama, ya ƙara a ka. Buba ma nan take jikinsa ya saki, aka tarar da su biyu a ƙasa, ɗaya cikin jini, ɗaya ido buɗe ba ya iya ɗaga yatsa. Dattawa suka sasanta. Na durƙusa gaban mahaifin Iliya na ce ƙwaya ce ta sa ɗana. Yatsun Iliya suka ƙage, ya sayar da keken, yanzu rake yake sayarwa a tasha.

Bara ƙanwar Buba da ke aikin jinya ta matsa muka kai shi wurin wani likita a Kano. Aka maƙala masa wayoyi a ka ya kwana. Likitan ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda ba kasafai ake ganinsa ba, sunansa na Turanci bai zauna mini ba. Ya ce barci ne ke faɗo wa mutum ba shiri, kuma dariya ko fushi ko tsoro kan zare masa ƙarfin jiki yana farke yana jin komai. Na ce, "Har tsoro?" Ya ce, "Har tsoro, Baba. Tsawa ma tana iya kayar da shi." Ke nan duk bulalar da na ƙara masa yana kwance, yana ji, tashin ne ba ya iyawa.

A mota Buba ya ce, "Baffa, na yafe maka dukan, ba ka sani ba ne. Iliya ne ba zan yafe wa ba. Shi ya san ko taba ba na sha."

Yanzu yana shan magani, ya samu sauƙi, an sa ranar aurensa bayan babbar salla, ya ce kada Iliya ya tako ƙofar gidan. Iliya kuwa duk na bi ta tasha sai ya taso ya durƙusa, ya miƙo mini hagu yana cewa, "Baffa a yi haƙuri, damar ba ta buɗewa." Ranar nan har rake ya sa mini a leda ya ce a kai wa ango.

In na faɗa, ina tsoron in rasa ɗan da ya yafe mini. In na yi shiru, Iliya zai ci gaba da ɗaukar laifina da hannu ɗaya. Raken yana nan a ɗakina, ban kai ba. Jama'a, me zan yi?