Muryar Buba a Wayar Kowa

Ƙanena Sale, ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya Garwa? Mu nan lafiya lau.

Ka tuna shekarar da ambaliya ta kwashe rumfunan mahauta, na tsamo Buba daga kwata? Jikarsa Hadiza ta rubuta tarihin unguwarmu. Da a shafin intanet ɗaya take sayarwa, ba mai gani. Yanzu ta buga shi a takarda, ta naɗi muryar Buba, har a tasi ana saurara. Wai shi ya tsamo ni! Ni ban iya karatu ba, amma wannan da kunnena na ji.

A gaida Hajara, a sa mu a addu'a. Gobe da sassafe zan zauna ƙofar Hadiza, ba na tashi sai ta naɗi tawa.