Kibiyar da ke Yawo a Kwamfutar Ƙungiya

Garin Isa, Asabar

Zuwa ga ɗan ƙanwata Hafizullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da Lailatu. Direba na ba wagga takarda, don yanzu ban yarda da waya ba.

Kwamfutar da ka haɗa muna a ofishin ƙungiyar makiyaya ce ta sa ni rubutu. Jiya ina zaune, hannuna ko kusa da ita bai je ba, sai ga 'yar kibiyar nan ta kan fuskarta tana yawo ita kaɗai. Ta buɗe jerin da munka rubuta don rigakafin dabbobi, kowa da ƙauyensa da yawan shanunsa. Malam Is'haƙa na Turba na wurin, ya gani da idonsa. Ka san abin da ake yi ma wanda anka ce yana ba 'yan bindiga labari. Kai kaɗai ka san cikin na'urar nan. Faɗa mini gaskiya tun ban ji ta a bakin wani ba.

Kawunka,
Sodangi

Sabon Birni, Lahadi

Kawu, Allah shi ƙara girma,

Wa alaikumus salam, Lailatu na gaisuwa. Haba Kawu! Ni? Wallahi na ji zafin takardarka.

Gwaji ne kawai. Tun da hanya ta lalace ba ni iya zuwa duba ta, sai in buɗe baƙin allo a tawa kwamfutar, in rubuta umarni layi guda: adireshin taku, sunan shiga, kalmar sirri. Ina dannawa fuskar taku ta bayyana a gabana. In ta buɗe lafiya, in rufe. Duk Litinin bayan azahar, minti biyu, kuma jerinku ban taɓa leƙa shi ba. Ka gaya ma Malam Is'haƙa shi kwantar da hankali, ba aljani ba ne, ni ne.

Ɗanka mai biyayya,
Hafizullahi

Isa, Litinin

Hafizullahi,

Gaisuwa. Ba raha nake da kai ba. Sake duba takardata: Asabar na rubuta, na ce jiya. Juma'a ke nan, muna shirin masallaci, kuma kibiyar ta fi rabin awa tana gangarawa suna bayan suna. Ko dai ƙarya kake mini, ko akwai wani. Is'haƙa ya ce in ba bayani zuwa Alhamis, za shi kai sunanka gun 'yan sa-kai. Na roƙe shi don darajar uwarka. Tsoro nake ji, yaro.

Wassalam,
Sodangi

Sabon Birni, Talata

Kawu, barka da yau,

Innalillahi. Zare wayar intanet ɗin yanzu, kafin ka gama karatu.

Makon jiya hasken sola ya gaza, tawa kwamfutar ta mutu, sai na shiga wani shagon buga takardu a bakin kasuwa na yi gwajin da tasu. Baƙin allon nan ba ya mantuwa: duk wanda ya danna maɓallin sama, layin ƙarshe zai dawo masa. Ni kuwa don sauri kalmar sirrin a cikin layin nake rubuta ta, kuma ban goge ba. Yau na koma na danna, sai ga shi tsaf. Mai shagon ya ce mutane da yawa ke zama kan kujerar, 'yan gari da 'yan ƙetare, bai riƙe fuskar kowa ba.

Ban san wa ya shiga ba, Kawu. Za ni zo Alhamis in faɗa da bakina.

Ka gafarce ni,
Hafizullahi

Isa, Laraba

Hafizullahi,

Na zare. Na karanta ma Is'haƙa takardarka, ya tashi ya tafi kwashe shanunsa daga Turba. Kada ka zo Alhamis, kada ka zo sai na aiko.

Ni dai na yarda ba sayar da mu ka yi ba. Kyauta ka ba da mu.

Allah shi tsare,
Sodangi