Taragon Kwal a Hannun Baba

Jarwal, Makka
Sha'aban, 1436

Zuwa ga Yaya Awwal,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da su Aishatu. Ya ƙafar Inna?

Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana samun sauƙi tun faɗuwar da ya yi bayan Umara, wadda ta shanye masa hannu ɗaya, har yana shan kunu. Sai dai likita ya hana shi hawa jirgin sama, ga bizarsa ta kusa ƙarewa. Kada ka gaya wa Inna, amma har yau bai kira sunana ba.

Maƙwabcinmu Nawaf yana tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Da ya ji Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, sai ya kawo masa ɗan taragon kwal, irin mai zubar da kaya ta ƙasa. Bai wuce tafin hannu ba. Baba ya jujjuya shi da hannunsa mai lafiya, ya buɗe marfin da farce, ya ce, "Namu na Inugu ba haka marfinsu yake ba. Yarinya, kira mini direba."

Na ce, "Baba, ni ce Minnatullah."

Ya ce, "Sannu da zuwa."

Don Allah ka leƙa tashar Zariya. In akwai sauran tsofaffin taragun nan cikin ciyawa, ka ɗauki hotonsu ka turo. Ban sani ba ko zai yi amfani. Ni dai na rasa abin yi. In na zauna kusa da shi, bango yake kallo. Sai na miƙa masa taragon yake magana.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Minnatullah